Teburin da Malam Isuhu ya goge

Har gobe ba zan manta da Larabar da aka kori Malam Isuhu ba, kuma duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci. Ku sababbin ma'aikata ku saurara, don abin ya shafe ku.

A lokacin ni ne shugaban masu ɗauka da gyara a wani shagon tsofaffin kayan ɗaki a Brooklyn. Kayanmu tebura ne da fitilu na shekarun 1950 da 1960, sama dutsen mabul, ƙafafu na tagulla. Ƙa'idar sana'ar ita ce ba a goge tagulla. Baƙin nan da take yi idan ta tsufa, shi masu saye ke nema, shi ne shaidar cewa ba sabuwa ba ce. Madam mai shagon ce ke ɗaukar ma'aikata da kanta, kuma ba ta faɗa wa kowa wannan, wai ai kowa ya sani.

Malam Isuhu dattijo ne daga Maraɗi, ɗan gidan maƙera, iyalinsa duk suna gida suna jiran abin da zai aika. Satinsa na farko ke nan, ina waje wajen kai kaya, aka sauke wani tebur daga Italiya, ƙafafunsa sun yi baƙi ƙirin. A garinsu abin kunya ne ka miƙa wa mutum tagulla a dushe. Sai bawan Allah ya hana kansa abincin rana, ya sayo lemon tsami, ya zauna ya dirje ƙafafun nan har suna ɗaukar ido.

Na dawo na tarar Madam na zazzaga masa masifa a gaban kwastomomi, tana nuna shi da yatsa, mutumin da a haife ya haife ta. Shi ko Turancin bai gama ji ba. Ya juyo gare ni.

"Malam Bashir, mi na yi? Ba ta ga ya yi kyau ba?"

Na bi Madam ofis na ce, "Madam, ba a faɗa masa ba. Kyautatawa ya yi niyya. A yi masa gargaɗi ya isa."

Ta ce ya kashe teburin, ya tattara ya tafi. Ko minti biyar ba a yi ba ta sake kirana, murya ƙasa-ƙasa. Wai in kai teburin baya, in shafa wa ƙafafun ruwan tsamin nan na binega da gishiri, in rufe da leda, zuwa Litinin baƙin zai dawo.

Nan fa na fusata. Na ce, "Ashe yana gyaruwa? To a dawo da dattijon, ni zan gyara, amma a faɗa wa mai saye gaskiya."

Ta ce ba ciniki ta kira ni ba. Na ce to ba da hannuna ba. Ta sa wani ya yi. Da idona na ga an sayar da teburin nan, ana rantse wa mai saye cewa hannu bai taɓa shi ba tun daga Italiya. Malam Isuhu kuwa sai da ya yi sanyin waccan shekarar a tsaye bakin titi a Harlem yana sayar da huluna.

Shi ya sa duk wanda ya zo ƙarƙashina, kafin ya ajiye jakarsa nake ce masa kada ya goge komai. Kuma ku san mutanen da kuke wa aiki. A sana'ar nan ana lallaɓa tsohon tebur da safar hannu, tsohon mutum kuwa a gaban jama'a ake korarsa.