Shagunan Yaya da Tallajar Magani

Yayana ne ya fara kawo injin ais kirim unguwarmu a Gadarif, lokacin da ba mu san komai ba sai dandurmar leda. Innarmu ce mai yin dandurmar. Takan jiƙa 'ya'yan kuka ta tace, ta sa sukari da madara, ta ƙulla a leda ta aika ni in kai tallajar maƙwabta, wato firij, don mu ba mu da ita.

Yaya direban tarakta ne a wata babbar gonar riɗi da dawa can wajen Ƙala'at an-Nahal. Damina takan ɗauke mana shi, sai an gama yankan riɗi ya dawo baƙi wuluk, ya rame. Wata shekara ya dawo da tsohon inji a bayan lori. Baba ya zagaya injin yana taɓa shi da sanda, ya ce, "Kakanninmu sun tako daga yamma da ƙafa za su Makka, suka tsaya nan suka kama gona. Kai kuma ƙanƙara za ka noma?"

"Baba, garin nan zafi gare shi," in ji Yaya. "Zafi kuwa ba ya yin fari."

Na farko da ya yi ko akuya ba ta sha ba. Ni ce ƙanwarsa da ta gama sakandare tana zaune a gida, sai ya ɗora ni kan haɗi. Muka ɗauki dabarar Inna muka yi na kuka, na karkade, wato zoɓo, na tsamiya, daga baya na soyayyen riɗi, wanda shi ya fito da sunanmu. Ya buɗe shago kusa da babbar kasuwa, sai na biyu a tashar mota, na uku a bakin jami'a, na huɗu a Showak kan hanyar Kassala. Duka ya shafa musu shuɗin fenti. Mutum ne mai faɗa da tsabta. Ya taɓa mayar da ma'aikaci gida saboda farce, kuma ruwan da ba a tafasa ba bai isa ya shiga injinsa ba. Baba bai taɓa yaba masa a gabansa ba har ya rasu, amma an gaya mini yakan ja abokansa bayan sallar Juma'a ya ce su zo su ga shagon yaronsa.

Da yaƙi ya tashi a Khartum, mutane suka kwararo mana. Da ya kai Madani, suka ƙaru har makarantu suka cika, ana kwana a ajujuwa. Sukari da madarar gari suka yi wuyar samu. Wuta takan ɗauke kwana da kwanaki, man janareta kuwa sai ka yi kokawa da manoma kafin ka samu jarka. Daga nan kwalara ta shigo gari, aka hana sayar da kayan sanyi na wani lokaci. Yaya da hannunsa ya zubar da duk abin da muka haɗa a kwata. Da aka sake buɗewa, mutane suna tsoro, ciniki bai dawo ba.

A cikin wannan hali wani dattijo ya shigo babban shago, inda nake zama. Tsohon malamin lissafi ne daga Omdurman, yana zaune da 'yarsa a makarantar da ke bayanmu. Jallabiyarsa ta tsufa amma a wanke take. Ya kwance wani jiƙaƙƙen tsumma a kan teburi, sai ga 'yar kwalbar allurar ciwon sukari.

"'Yata," ya ce mini da Larabci, "ban zo saye ba. Wannan zafi zai kashe mini ita, in ta mutu kuma ni ne a bayanta. Ko akwai ɗan gurbi a tallajarku?"

Na sa masa ita a wurin madara, inda sanyi bai kai na ƙanƙara ba. Da na gaya wa Yaya sai ya ce, "Me ya sa kika tambaye ni? Ki ajiye."

Magana ta zaga makarantun. Kafin wata ya ƙare, madara ta rasa wuri. Kwalabe ne jere, kowace an liƙa mata filasta da sunan mai ita, wasu an ɗaura musu zare mai launi. Da safe masu su sukan zo su zauna a benci, su yi allura a bayan labule, su miƙo mini in mayar.

Man da Yaya ke samu ba ya isar janareta huɗu. Ya fara rufe na Showak. Mutumin da ke riƙe da shi tun ranar buɗewa, mai iyali ne, ya tako har gida ya zauna a zaure, Yaya ya kasa kallonsa. Bayan nan na jami'a, don ɗalibai sun watse. Sai na tasha. Duk man ya koma kan tallaja guda wadda ba ta kawo ko sisi.

Matarsa ta same shi a tsakar gida wata rana, ina wurin. Ba mai hayaniya ba ce, shi ya sa maganar ta yi nauyi.

"Baban yara, asibiti ne da kai? Yaranka fa sun manta ɗanɗanon nama."

"Na sani."

"To ka mayar wa kowa kwalbarsa. Akwai hukuma, akwai ƙungiyoyi."

"Sai ki zaɓa mini wanda zan fara miƙa wa," ya ce, ya sa takalmi ya fita.

A raina na ga gaskiyarta. Ni ma na gaji. Amma ni ce ke karɓar kwalaben daga hannun masu su, na san fuskar kowannensu.

Cikin bazara, ana tsakiyar zafi, janaretan ya yi wata ƙara ya mutu da hantsi. Wuta kuwa an kwana biyu ba a gan ta ba. Makaniki ya duba ya ce abin da ya ƙone babu shi a kasuwa. Yaya ya tuna janaretan Showak irinsa ne, ya hau mota ya tafi ciro shi, ya ce zai dawo kafin la'asar. Shingayen bincike suka riƙe motar, waya kuma ba ta shiga.

Na kwashe kwalaben na jera cikin akwatin sanyi, na kewaye su da ragowar ais kirim. Da ya narke na shiga raksha, keke mai ƙafa uku, na zaga gari neman ƙanƙara. Masu kifi ba su da ita, masu nama ma haka. Wata maƙwabciya ta ba ni randa, na naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu na sa su ciki, ina yayyafa ruwa ina fifita. Shagon kwano ne, iskar ciki kamar ta tanderu. Sai washegari da yamma Yaya ya iso, ƙura har gira.

Ya haɗa injin ya tashi, sannan ya tara masu maganin a bakin shago ya gaya musu yadda aka yi, bai rage komai ba. Ya ce bai san wace ta lalace wace ta tsira ba. Wata mata mai yaro ɗan shekara goma ta fashe da kuka tana cewa da ta sani ta bar tata a ƙarƙashin gado. Yaya ya tsaya ta gama, bai kare kansa ba. Malamin lissafi ya ɗaga tasa ya duba ta a hasken rana, ya ce, "Ɗana, wata ba ta samuwa a garin nan. Da wannan zan ci gaba, Allah ya san da mu."

Bayan 'yan makonni aka kwantar da malamin a asibiti, kuma bai fito da rai ba. Likita ya gaya wa Yaya cewa ba wanda zai iya rantsewa a kan dalili: ga tsufa, ga abincin da ba na mai ciwon sukari ba, ga baƙin cikin barin gida. Yaya ya saurara ya yi godiya, amma na ga bai karɓa ba. Shi ya shiga ramin ya karɓi gawar, alhali bai san mutumin ba sai a bakin tallaja.

Ya sayar da motarsa da injinan sauran shagunan, ya sa faifan hasken rana a rufin babban shago. Tun daga nan tallajar ba ta sake mutuwa ba. Matarsa ta kwashi yara ta tafi gidansu a Showak, ta ce sai abubuwa sun daidaita. Ba saki ba ne, ba faɗa ba ne, yakan je ya gan su, amma har yau ba ta dawo ba. Shi kuma hawan jini ya kama shi, ya daina faɗa, abin da ya fi damuna ke nan.

Yanzu wasu sun fara komawa garuruwansu, kwalaben sun ragu, madara ta samu wurinta. Kwanan baya wani ɗan kasuwa ya zo ya ce yana so su haɗa hannu su sake buɗe shagon tasha. Yaya ya ba ni mabuɗi ya ce in je in ga halin da wurin yake ciki. Na tarar an cire kwaɗon, wata mata daga Sinja tana ciki da surukarta da yara, sun raba ɗakin da zani, tana toya kisira, wainar dawa, a inda injin yake zama da. Ta miƙe a tsorace da ta ga mabuɗi a hannuna. Na ce mata hanya ce ta biyo da ni, na sha ruwa na fito.

Da na gaya wa Yaya, ya daɗe yana goge teburi.

"Rufin yana yoyo ta kusurwar gabas," ya ce. "Ki aika a gaya mata kafin ruwa ya sauka."