Koriyar Rigar da Na Bayar

Duk abin da zan manta a rayuwata, ban da ranar da ƙanena ya zo neman rigar 'yarsa. Shekaru sun ja, amma har yau in na ji ƙarar keken ɗinki sai ranar ta dawo min.

Tela ne, shagonsa na bakin lungunmu a Yakasai. 'Yarsa ɗaya tilo, ba ta cika shekara huɗu ba zazzaɓi ya ɗauke ta, gab da ƙaramar sallah. Mu mata muka cika tsakar gida muna riƙe da uwar, wannan ta dama mata kunu, waccan ta share mata hawaye. Shi kuwa yana waje kan tabarma cikin maza, yana amsa gaisuwa. Da ya leƙo ciki, ni da bakina na ce ya daure, shi namiji ne, ya je ya lallashi matarsa. Ya ce to, Yaya.

Da aka tashi daga zaman makoki, ni da gwaggonmu muka tattara kayan yarinyar don kada uwar ta riƙa gani. Mun tambaye ta, ta ce a bayar. Muka rabar sadaka, har da wata koriyar riga sabuwa fil, da na ba wata mai tallan nono da ke shigowa ta Ƙofar Dawanau. Wallahi ko kusa bai zo min a rai ba cewa a tambayi uban.

Wata rana da hantsi ya shigo ya zauna bakin ƙofar ɗakina. Ina ta zuba, ina gaya masa matarsa ta fara cin abinci. Ban yi karatu mai nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne, na ji muryarsa ba daidai take ba lokacin da ya tambayi ina koriyar rigar nan. Ashe shi ya ɗinka wa yarinyar ta sallah, ko gwadawa ba ta yi ba. Na gaya masa gaskiya.

Ya ce, "Yaya, ni ma fa 'yata ce."

Sai kuka ya ƙwace masa. Na buɗe baki zan ce haba, kamar ba namiji ba, sai na ji maganar a kunnena tun ba ta fito ba, na haɗiye ta. Na matsa na zauna kusa da shi har ya gama.

Da mai nonon ta dawo na yi mata maganar, ta ce rigar na jikin 'yarta, amma za ta kawo. Wannan karon na je shago na tambaye shi. Ya tsayar da keken ya ce, "A bar mata, Yaya. Ki dai tambayar min ko ta yi mata daidai."

Babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce zuciyar namiji ba ta ciwo. A haka na tashi na tarar, na ɗauka ban san na ɗauka ba. Tun daga ranar, duk gidan rasuwar da na shiga, in na gaida uwa, sai na tambaya wa ke kula da uba.