Ruwan Omo a Birkin Lawwali Santsi

Duk wanda ya taɓa shan shayi a tashar Kwatarkwashi ya ga teburin Sahabi, mai ƙafa uku da bulo. Ƙafar da babu, Lawwali tela ne ya cire ta da mota, wata safiya, a gaban jama'a.

Ga yadda aka yi. Lawwali zai kai matarsa Luba suna Tsafe, sai ya tashi gyaran jikin motarsa. Ya wanke, ya goge, sannan ya ɗauko man kaɗanya ya bi duk wata baƙar roba da ke jikinta yana shafawa don ta yi ƙyalli. Da ya sunkuya ya ga fedar birki ta yi furu-furu, sai ransa ya ƙi. Ya shafa mata ita ma, har da ƙari. Ya iso tasha a hankali, hannu ɗaya a waje yana gai da majalisa, ya kai ƙafa birki, silifas ya zame. Ya sake kaiwa, ya sake zamewa. Motar kuwa ta ci gaba da tafiyarta cikin natsuwa kamar mai zuwa gaisuwa, har ta ture tebur. Butar shayi ta yi gabas, biredi ya yi yamma. Ba wanda ya ji ciwo. Luba ta buɗe ƙofa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma gida da ƙafa, ta kuma rantse da Allah ba za ta ƙara shiga motar nan ba. Tun ranar ake ce masa Lawwali Santsi.

Mutum ne siriri, ya ba hamsin baya, mai magana ƙasa-ƙasa kamar da allura a bakinsa. Motar tsohuwar fijo ce fara mai dogon baya, ya saye ta a Tsafe hannun wani mai awon hatsi. Sau ɗaya ya taɓa kai ta gareji a Gusau, aka dawo masa da ita da shatin baƙin hannu a kujera. Daga nan ya ce shi da bakanike sai gaisuwa. A ganinsa mota keken ɗinki ce da ta yi girma, duk abin da ake kwancewa kuma ana iya mayarwa. Ya fasa katangar gidansa ya sa ƙofa mai faɗi don ta riƙa kwana a tsakar gida. Ya ɗinka wa kujeru riga, ya ɗinka wa sitiyari. Abin da bai sani ba yakan duba a waya, ya yi ta kallon hannuwan wani mutum a wata ƙasa suna kwance irin abin da yake son kwancewa. Abu ɗaya kuma ya tsana a duniya: direbobin da man birki kan yanke musu a hanya su dama omo da ruwa su ɗura. Yakan ce duk mai yin haka a karɓe masa mota a ba shi jaki.

To, ranar da nake son ba da labarinta, lokacin kaka ne, ranar kasuwar Tsafe. Motocin haya duk sun yi can tun da sassafe, mazan unguwa kuma suna gona. Lawwali ya gani a waya cewa man birki kan tsufa, don haka ya ɗora motar kan bulo, ya cire tayoyi, ya tsiyaye man kaf. Tsohon man ma bai bar shi ba, ya juye shi a ramin gara da ke bayan ɗaki. Sabon kuwa ya ba wani direba saƙo, sai yamma zai zo da shi. Luba tana gefe tana wanki.

Ana cikin haka sai aka buga ƙofa da ƙarfi. Sa'adiya ce, Bafillatanar da ke kawo musu nono daga rugar bayan dutse, tana janye da jaki. A kan jakin mijinta ne Tambaya, ya kife, ƙafarsa ɗaya ta kumbura har gwiwa.

"Malam Lawwali, ka taimake mu," in ji ta. "Kububuwa ta. Yana kwasar kara ta sare shi. Mun yi na gida bai yi ba. Ka ga bakinai."

Lawwali ya duba. Jini ne ke tsattsafowa daga dasashin Tambaya. Duk wanda ya girma a gindin duwatsun nan ya san abin da wannan ke nufi: allurar maciji, a Gusau, yanzu.

"Kun tsaya bakin titi?"

"Mun tsaya. Wa ka tsaya ma Bafillace kwance bisa jaki a zamanin ga? Sai su ƙara wuta."

Gaskiya ta faɗa, kuma ba wanda zai ga laifin direbobin. Mashin kuwa, mutumin da ba ya iya zama ba a ɗora shi. Lawwali ya juya ya dubi motarsa, tana kan bulo ba taya ko ɗaya, kofin man birkinta a bushe. Ya dubi ramin gara. Sannan idonsa ya sauka kan bahon wankin Luba, kumfa ta cika shi.

Ya ɗan tsaya. Luba ta ce a iya zamansu ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar wanda aka ce ya ci naman da bai ga yankansa ba.

"Luba, dama min omo. Mai kauri. Sa a buta."

"Malam, kai da bakinka ka ce..."

"Na san abin da na ce. Dama."

Ya ɗura ruwan omo a kofin da ke ƙarƙashin bonet, bakinsa yana motsi, ko addu'a yake ko ban haƙuri ga motar, Allah ne masani. Amma ɗurawa ba ita ce aikin ba. Birkin da aka tsiyaye iska ce cike da shi, kuma mutum ɗaya ba ya fitar da ita. Sai wani ya zauna a kujerar direba yana taka feda, wani kuma ya kwanta a gindin kowace ƙafa yana sassauta ɗan noti iskar ta fita. Sa'adiya tana riƙe da kan mijinta. Saura mutum ɗaya a gidan.

"Shiga ki taka min."

"Na rantse, Malam."

"Ni ka ɗaukar kaffara. Shiga."

Tambaya ya yi wani nishi, ya tofar da yawu ja. Luba ta tsame ƙafafunta daga ruwan wankin da ya malale, ta shiga.

"Taka! Ƙara! Riƙe nan, kak ki saki!"

Ya murɗa noti, abu ya yi tsartuwa, ya ɗaure. "Saki. Taka kuma!"

A nan ya gane wata matsala da mutumin waya bai taɓa faɗa masa ba. Yadda ake sanin iska ta ƙare shi ne a ga man ya daina fitowa da kumfa. To ruwan omo fa? Kumfa ce aikinsa. Duk murɗawar da ya yi sai ta fito fara sol, ta gangaro masa har gwiwar hannu. Ba yadda zai bambance ta iska da ta wanki.

"Luba, yaya kika ji ta ƙarƙashin ƙafa?"

"Awa dafaffar kabewa."

Ya rarrafa ƙafa ta gaba, ya sake, ya koma wata. Gumi ya shiga idonsa, sifana tana zame masa. Sa'adiya ta daina magana da su, ta koma kiran sunan Allah da Fillanci.

"Yanzu fa?"

"Awa tuwon da ya kwana."

"Ya isa. Sa'adiya, aje shi ki garo min taya."

Da aka sauke motar daga bulo, suka kama Tambaya suka shimfiɗe shi a baya, kan rigar kujerar da Lawwali ba ya bari ko yaro mai cin rake ya matso kusa da ita. Luba za ta fita ya ce, "Zauna gaba, riƙe butar. In ya zube hanya da mi za mu ƙara?" Ta ja mayafi ta zauna. Rantsuwar dai ta riga ta karye.

Sun wuce tasha Sahabi yana ɗaga hannu yana ihu, "Santsi, a hankali, ga tebur!" Ba wanda ya kula shi.

Daga Kwatarkwashi zuwa Gusau ba nisa, in da birki. Lawwali ya yi tafiyar ne da giyar mota, yana rage gudu tun daga nesa, yana tsoron taɓa fedar, don ya san ruwa ba mai ba ne, da ya yi zafi zai tafasa ya bar shi. Amma hanya ba ta san haka ba. Tirela ta tsaya cak a gabansa don rami, ya taka, motar ta yarda. Shanu suka ratsa, ya taka, ta yarda, amma ƙafarsa ta nutse fiye da ɗazu. Wani ƙamshin wanki mai ɗumi ya fara shigowa ta taga.

"Tambaya, kana ji na?" ya ce, ba tare da ya waiwaya ba.



"Yana lumfashi," in ji Sa'adiya. "Ka dai tahi."

Abin da ke ran Lawwali tun daga gida, bai faɗa wa matan ba, shi ne shingen jami'an tsaro da ke kafin shiga gari. A shekarun nan kowa ya san dokar wurin ba tare da an rubuta ta ba: motar da aka tsayar ba ta tsaya ba, ba a tsayawa tambayarta dalili. Ga shi kuma wurin gangare ne.

Ya hango durom-durom da buhunan yashi. Wani jami'i ya fito tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Lawwali ya sauke giya, injin ya yi kuka. Ya kai ƙafa birki.

Silifas ya zame.

Luba ce ta taka fedar tun a gida da ƙafar wanki, omo ya bushe a kanta, gumin ƙafarsa kuma ya jiƙa shi. Ya sake kaiwa, ya sake zamewa, daidai irin na ranar tebur. Jami'in ya sauke hannun da ya ɗaga ya kai shi kan bindiga. Wani jami'in da ke bayan buhuna ma ya miƙe.

"Malam!" in ji Luba.

Lawwali ya yi wurgi da silifas, ya kama fedar da yatsun ƙafa kamar yadda yake kama ta keken ɗinki, ya shiga bugawa. Ta nutse har ƙasa ba komai. Ya buga, ya buga, can sai ya ji ɗan tauri, ya danne da duk nauyinsa, wanda ba shi da yawa.

"Ja sandar ga ta tsakiya! Ja sama!"

Luba ta saki buta ta kama birkin hannu da hannu biyu ta ja kamar mai jan guga. Tayoyin baya suka yi ƙara, motar ta karkace, ta ja jiki, ta je ta dafa durom da hanci a hankali. Ta tsaya.

Lawwali ya fito da hannuwa biyu ta taga. "Maciji, ranka ya daɗe! Maciji ya sari mutum!"

Jami'in ya matso bakin bindiga a gaba. Ya leƙa baya, ya ga ƙafar Tambaya da jinin bakinsa. Ya dubi Luba da ruwan omo ya jiƙe wa zani. Sannan ya sunkuya ya dubi tayar gaba, inda kumfa ke fita tana tururi. Ya daɗe yana kallonta. Bai tambaya ba. Da kansa ya gangarar da durom gefe, ya ce wa wani nasu mai mashin ya shige gaba ya buɗe musu hanya.

Tambaya ya yi kwanaki a asibiti, an ƙara masa jini, ya fito da ƙafarsa. Motar ce ta fi shi jinya. Lawwali ya kwance birkin kaf, ya wanke, ya sauya robobin da omo ya ci, yana yi yana ba ta haƙuri. Kaffarar Luba ya ciyar kamar yadda ya yi alkawari, ita kuma yanzu gaba take zama, hannunta kusa da sandar tsakiya, ko ya so ko bai so ba. Da Sa'adiya ta kawo ƙwaryar man shanu ta godiya, Luba ta kulle ta a ɗaki, ta ce ba ta yarda da mijinta da duk wani abu mai maiƙo ba. Game da direbobin omo kuwa, ra'ayinsa bai sauya ba, sai dai ya daina maganar jaki.

Sunan dai bai bar shi ba. Kwanan baya ya zo tasha ya tsayar da motar nesa da tebur, ya fito ba takalmi, don tun ranar shinge haka yake tuƙi. Sahabi ya buga bulon da ke tallafe da teburinsa da cokali.

"Santsi! An ce ka tsai da mota da ruwan wanki gaban soja. To ni mi na yi maka? Ranar nan da man birkinka cike, ka rasa inda za ka tsaya sai cikin shayina?"

Lawwali ya zauna, ya ɗauki biredi ɗaya ya matsa shi da yatsa, ya ajiye.

"Motata ta san inda aka tsayawa, Sahabi. Ta ga bindiga ta tsaya. Kai mi ka aje bisa teburin ga da za ta ji tsoro, ban da biredin shekaranjiya?"