Yaya Kande da Ƙwayoyin Rakiyya

Yayata Kande ba ta taɓa haihuwa ba. Mijinta ya rasu ya bar ta a Ɗanzomo tana matsar man gyada, kuma duk yaron da ya leƙo gidanta sai ya fita da ƙuli-ƙuli a hannu. Da aka yaye Rakiyya, 'yata ta fari, ita muka ba riƙo. Ina koyarwa a Kano lokacin, kunyar 'yar fari ba ta bari in ɗauke ta a gaban mutane.

A shekarar da aka yi fari, 1973, tarin fuka ya kama yarinyar. A asibitin Gumel aka yi mata allurai, sannan aka sa ta a kan ƙwayoyi na shekara ɗaya da rabi. Yaya ce ke goya ta su je karɓowa, ko da ƙafafun yarinyar sun fara jan ƙasa.

Ta murmure, ta yi kumatu. Da damina ta sauka tarin ya dawo, aka koma allura, bai ji ba. Likita ya ce mini cutar ta saba da maganin, kuma hakan kan faru idan ana shan sa rabi-rabi. Na ce sam, Yaya ba ta tsallake rana.

Na je Ɗanzomo na tarar da ita da hantsi tana raba ƙwaya da wuƙa. Rabi ga Rakiyya, rabi ga Hannatu, 'yar maƙwabta, wadda ita ma ke tari.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun da Hannatu ta fara tari. Kai ɗan boko, ina za a ba ɗaya a bar ɗaya tana kallo?"

Rakiyya ta rasu a cinyar Yaya kafin girbi.

Na ƙudura ba zan faɗa mata abin da likita ya ce ba. Amma Hannatu na nan tana tari, kuma na san Yaya. Bayan sadakar bakwai na kai yarinyar Gumel, aka rubuta mata wani magani dabam, na damƙa wa Yaya.

"Wannan nata ne ita kaɗai. Ko wa ya zo, kada a raba."

Ta daɗe tana juya ƙunshin. "Ladan, na Rakiyya ma haka aka ce?"

"Ba wanda ya gaya miki, Yaya. Ni ma ba a gaya mini ba."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tashi ta ɗebo ruwa a randa, ta leƙa ta saman danga.

"Hannatu! Zo nan, uwata. Buɗe baki in gani."

Ta tsaya a kanta har ta haɗiye duka.