Yarinyar da Ta Tashi a Bayan Mai Inji

Ranar da abin ya fito fili ruwa ake yi tun da hantsi, irin mai saukowa a karkace yana bi ta ƙarƙashin kwanon rufi. Ina rumfata ta gyaran takalma, na ja kayan aiki ciki, ina kallon ɗakin niƙan 'yata a tsallaken titi. Yoyo ya jiƙa bel ɗin injin, ya riƙa santsi, dole suka kashe. Na daɗe ban ji titin nan ya yi tsit da rana haka ba.

'Yata ita ce ta biyu a 'ya'yana. Mai Inji kowa ke ce mata, har ni wani lokaci. Tun tana ƙarama ba ta san zama ba. A tsaye take cin abinci. In ka aike ta, kafin ka gama faɗin saƙon ta kai ƙofa, sai ta dawo ta tambayi ragowar. Injin na mijinta ne. Da ya sami aikin tuƙin babbar mota, mako biyu a hanya kwana biyu a gida, sai ta karɓa. Ta koyi ɗaure bel, ta koyi kwance haƙoran injin ta kai wasawa, ta ɗauki wani magidanci da ake kira Dogo yana ɗaga mata buhuna.

A ɗakin niƙa ba a magana, don ba wanda zai ji ka. Da hannu suke komai. In aka murza yatsu biyu, gari bai yi laushi ba. In aka sauke tafi ƙasa, a rage zuba. In aka yafito da yatsu huɗu, a kawo kwano na gaba. Wata biyu da haihuwa ta koma aiki da jaririyarta a baya, ta toshe mata kunne da auduga, ta ja mata hula. Mu duka muka ce ta yi dabara. Yarinyar ba ta kuka, ba ta rigima, tana kallon komai ta saman kafaɗar uwarta, girarta fara fat da gari. Da ta fara tafiya ta iya alamun nan kaf. Masu kawo niƙa suna dariya, suna ce mata Ƙaramar Mai Inji.

To a ranar ruwan nan wata mata ta fake a ɗakin da ɗanta. Yaron bai kai shekara biyu ba, amma bakinsa bai huta ba, ga ruwa, ga mota, Mama ɗauke ni. Matar ta tambayi shekarun tamu, aka ce biyu da wata bakwai. Ta tambayi me da me take faɗa. 'Yata ta buɗe baki za ta lissafa, ba ta sami ko ɗaya ba.

Cikin ruwan ta tsallako wurina, yarinyar a kafaɗa.

"Baba, ka taɓa jin ta ce wani abu?"

Na cire ƙusoshin da ke bakina, na yi tunani sosai, na ce ban taɓa ji ba.

Daga nan 'yata ba ta sake samun natsuwa ba. Ta lallaɓa bayan yarinyar ta saki kwanon silba a siminti, yarinyar ko waigowa ba ta yi ba. Ta sake, ta sake, har kwanon ya lotsa. Dogo ya ce wanda ya girma kusa da inji ina zai firgita da kwano, shi ma ba ya firgita. Ta ce masa shi ai kunnensa ya daɗe da yin ritaya, ya yi mata shiru. Maƙwabta kowa da tasa shawarar. Wata ta ce a duba ƙarƙashin harshe, wata ta ce nata ɗan sai da ya shekara huɗu ya yi magana, yanzu ga shi lauya. 'Yata ta saurari kowa a tsaye, ƙafa ɗaya a waje. Da rana sai ta kashe inji a tsakiyar niƙa ta leƙa bakin yarinyar, ta kunna, ta kuma kashewa. Ta kira mijinta a waya sau biyar a yini guda, har ya ce ta bar shi ya kai kayan mutane lafiya.

Ranar da ta je asibiti na raka ta. Muna layi ta tashi ta zauna ya fi sau goma. Likitar kunne, wata mace mai sanyin murya, ta sa wa yarinyar wani abu a kai mai fitar da ƙananan sautuka, tana lura da idonta. Ta ce tana ji. Kunnen hagu ya ɗan raunana, kuma kada a sake shiga da ita wurin inji yana aiki, auduga ba ta tare komai. Sannan ta tambayi wa ke yi mata hira a yini.

'Yata ta ce tana tare da ita daga safe har yamma. Likitar ta ce ba zama tare ta tambaya ba, hira ta tambaya. Sai muka shiga lissafi. Uwa tana cikin ƙara, kuma yarinyar bayanta take gani. Da yamma ta dawo kunnenta na amo, ba ta son ko rediyo. Uba yana hanya. Ni kakanta, in an ajiye mini ita, ƙusa ce a bakina.

Abin da na riƙe daga bayanin likitar shi ne, ƙwaƙwalwar yaro a shekarun farko tana shimfiɗa hanyoyin magana ne da abin da ake faɗa masa ido cikin ido, yana ganin baki, yana mayar da nasa ko da gwaranci ne. Hanyar da ake bi tana faɗi, wadda ba a bi tana cushewa. Ta ce yarinyar da ta riƙe alamun hannu ashirin kanta lafiya lau yake, abin da aka ba ta ne ta koya. Kada a hana ta alamun, a ɗora wa kowace kalmarta. A dawo bayan wata shida, in ba ta fara haɗa kalma biyu ba za a yi wani binciken.

'Yata ta ɗauki maganar kamar niƙan gaggawa. Ta durƙusa gaban yarinyar tana cewa ce Mama, ce ruwa, ce mana. Yarinyar ta kafe ta da ido, ta sauke tafi ƙasa, wato a rage zuba. Dogo ya yi dariya har da riƙe ciki. 'Yata kuwa ta shige bayan buhuna ta daɗe ba ta fito ba.

Da ta fito na ce mata, "Ke ma ba da tsawa kika koya ba. Uwarki tana wanki tana ba ki labarin sabulu."

Muka raba aikin. Da safe da la'asar yarinyar tana rumfata. Na sami gwangwani na zuba ƙusoshin, na koyi faɗin abin da hannuna ke yi: ga fata, ga zare, mun huda, mun ja. Da farko kunya nake ji, masu wucewa suna tsammanin tsufa ya fara taɓa ni. Da azahar kuma 'yata ta kashe inji awa guda cur. Wannan ne ya fi yi mata wuya. Mata na zaune da kwanoninsu suna gunaguni, wasu suka koma wani injin a gaba. Ita tana kan buhu, ƙafarta na rawa, idonta na kan makunni, amma tana magana. Tana shara tana faɗa, tana kaɗe gari tana faɗa, in ta yi alama ta bi ta da kalma, sannan ta dakata ta ba yarinyar fili. Dakatawar nan ce ba ta taɓa iyawa ba a rayuwarta, na ga tana ƙirga numfashi kafin ta ci gaba.

Wata biyu ba komai sai ɗan gunaguni a maƙogwaro. Kullum da yamma sai 'yata ta tambaye ni, kullum na ce tukuna. Ta fara cewa ko likitar ta yi kuskure, ko a tafi wani asibitin.

A wata na uku, cikin awar hutun nan, wata tsohuwa ta shigo da kwanon masara a ka, ta tsaya tana neman inda za ta sauke. 'Yata ta juya baya tana neman tsintsiya. Yarinyar ta yafito tsohuwar da yatsu huɗu, ta ce, "Kawo."

Muryar a shaƙe take, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Tsohuwar ba ta san komai ba, ta ce to uwar gida, ga shi. 'Yata ta tsaya da tsintsiya a hannu ba ta juyo ba. Ta tambayi Dogo a hankali ko shi ma ya ji. Ya ce in har shi ya ji, to an faɗa.

Da muka koma asibiti yarinyar tana cewa kawo ruwa, Kaka zo, takalmi ya mutu. Likitar ta ce a ci gaba yadda ake yi, kada a saki.

Yarinyar yanzu tana aji uku. Tana magana a hankali, takan juyo da kunnen dama in ana yi mata bayani, kuma malamarsu ta zaunar da ita a layin gaba. 'Yata tana nan a ɗakin niƙa. Nata jin ya ragu, sai an ɗaga murya. Ta sake haihuwa bara, namiji, yana wuni a rumfata.