Ranar da Muryata Ta Fito a Lasifikar Kabo

Ko tsufa zai kwashe mini komai a kai, ina jin zai bar mini walimar nan ta Kabo, don ita kam ba mai mantuwa ba ce.

A lokacin ina da ɗan situdiyo a Gwarzo, ɗaki guda da na lulluɓe bangonsa da soso, ina naɗar muryoyin mawaƙa ina haɗa musu sauti. Ina kuma neman auren 'yar wani malamin Islamiyya a Kabo. Malam bai ƙi ni ba, amma ya ce shi 'yarsa ba za ta auri mawaƙi ba. Na durƙusa na yi masa bayani cewa ni maɓallai kawai nake dannawa, tunda uwata ta haife ni ban taɓa rera baiti ba. Ya ce to, zai duba. A kan wannan "zai duba" muka daɗe, ni da ita, kullum zuciya a hannu.

Ana nan sai ya kawo ɗalibansa in naɗa musu waƙen da za a saka ranar walimar sauka. Na yi aikin kamar raina a kai yake. Da suka tafi, na ga makirufo a tsaye, ɗaki ba kowa, soyayya kuma tana cina. Sai na ce bari in gwada. Na rufe ƙofa, na rufe ido, na yi ta rero mata baitoci har da sunanta. Da na saurara, ni kaina sai da na ji tausayin kunnuwana. Na cire abin da na naɗa daga fuskar kwamfuta, na ce shi ke nan, an wuce wurin.

To ba a wuce ba. Ita manhajar naɗar sauti, duk abin da ka naɗa tana ajiye shi a cikin folda, ko ka cire shi daga inda kake gani. Akwai wurin da ake dannawa ta share duk fayilolin da ba a yi amfani da su ba. Na san wurin sarai, har koya wa wasu nake yi, amma ni ban taɓa dannawa ba. Wai ni mai tattali, ba na zubar da komai. Gaskiyar magana lalaci ne. Ranar da aka aiko karɓar aikin, man janareta na shirin ƙarewa, sai na kwashi foldar gaba ɗayanta na zuba a memori na miƙa.

Ranar walima na ci ado, Malam ya sa aka zaunar da ni a tabarmar gaba, tsakiyar dattawa. Mai lasifika ya soka memori, waƙen yara ya tashi gwanin daɗi, ana ta sa mini albarka, ni kuwa kaina na ta kumbura. Waƙe ya ƙare, akwatin sautin ya wuce fayil na gaba, don shi duk abin da ya tarar sakawa yake. Aka ji wata yarinya tana tari, aka ji ni ina cewa a sake daga farko. Jama'a suka yi dariya, ni ma na taya su. Sai can na tuna abin da ke biye. Na yunƙura zan tashi, wani tsoho ya riƙe mini hannu yana tambayata mutanen garinmu Lakwaya, takalmana kuma suna can bayan taro. Mai lasifika ya tafi karɓar shinkafa.

Sai ga ta. Muryata tsirara, ba kiɗa, ba gyara, kamar an take wa akuya ƙafa. Na kira sunan 'yar Malam, na ja shi, numfashi ya ɗauke a tsakiya, na sake daga farko. Sai daga ɓangaren mata aka fara ƙyalƙyala. Abin da ya ƙarasa ni shi ne ƙarshen, inda aka ji na tafa wa kaina ina cewa, "Kai, ashe dai ina da baiwa."

Wallahi na so ƙasa ta buɗe. Ba kunyar ce ma ta fi damuna ba, na riga na sallama cewa na rasa ta.

Bayan an watse Malam ya aiko a kira ni. Na shiga zaure na durƙusa, na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Fuskarsa a ɗaure, amma gemunsa sai rawa yake.

"Ɗana, da ka ce mini kai ba mawaƙi ba ne, ban gaskata ka ba," in ji shi. "Yau na ji da kunnena. Ba kai ba waƙa har abada. Ka turo magabatanka."

Haka na samu mata. Wasu da dukiya suka samu, wasu da ilimi, ni da mugunyar murya. Har yau fayil ɗin yana wayarta, kuma duk ranar da na fara cika baki a gida sai ta ɗaga wayar kawai, in yi shiru.

Abin da na koya shi ne, abin da ka kawar daga idonka bai tafi ko'ina ba, yana nan yana jiran lasifika. Yanzu ba aikin da ke fita daga ɗakina sai na share tarkacensa na sake dubawa, don ba kowace rana ce sakaci ke ƙarewa da ɗaurin aure ba.