Mai Zubin Dalma Da Ya Kashe Wutarsa

Da hantsi, bayan manoma sun watse gona, Malam Almustapha yakan buɗe maƙerarsa da ke bakin ƙauyenmu, tsakanin Kafur da Tsiga. Kafin ya taɓa zugazugi sai ya ciro mazubin harsashin da ya gada wurin mahaifinsa, ƙarfe biyu masu haɗuwa baki da baki. Ya goge shi da tsumma, ya ɗora a gefen garwashi har ya sha ɗumi, don dalma ba ta shiri da danshi. Tabon da ke damtsensa ma shaida ne. Sai ya kara shi a harshen fitila hayaƙi ya baƙanta cikinsa, ya ɗan shafa kakin zuma a mahaɗar. Ba ya magana idan yana wannan aiki. Yanzu kuwa ko yana so, babu wanda zai yi wa.

A da ba haka wurin yake ba. Maharban yankin nan duka a rumfarsa suke yini, bindigoginsu na toka jingine da bango, ana gardamar wanda ya kori birai daga masarar wane. Maharazu, tsohon maharbi, ya ce mini bai taɓa ganin Almustapha ya ba mutum harsashi mai rami ba. Ya ce, "Sai ya juya shi a tafin hannu, ya mayar cikin wuta. Ka ce masa kana sauri, ya ce gyado ba ya jiran wanda ya yi kuskure."

Abin da ya raba shi da jama'a ya faru ne a daminar da ɓarayin daji suka kwashe shanun huɗar garin, suka kashe mutum biyu a gona. Da aka dawo daga jana'iza, samari suka cika maƙera da tsofaffin batura da guntayen dalma. Kamalu, wanda yayansa na cikin mamatan, shi ne a gaba.

Ya ce, "Baba, ka zuba mana. Rugar Abdussamad za mu je."

Abdussamad makiyayi ne da ya tsufa a bayan rafinmu, matansa ke kawo mana nono.

Almustapha ya ce, "Shi ya kashe su?"

"Duk ɗaya suke."

"Ka gan shi da idonka, Kamalu?"

Hawaye suka zubo wa Kamalu. Tsohon ya miƙe, ya ɗauki tulu ya juye a kan garwashin. Ya ce, "In tsaron gari za ku yi, ku zo da mai unguwa, in zuba muku har hannuna ya gaji. Amma wannan, ba da mazubin ubana ba."

Kafin samarin su je Malumfashi neman wani maƙeri su dawo, zuciya ta ɗan sauka, dattawa sun shiga tsakani. Ba a je rugar ba. Sai dai garin bai yafe masa ba. Aka ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Masu kawo masa gyaran fartanya suka koma wani gari, a masallaci aka riƙa barin gurbi kusa da shi. Da matarsa Hajo ta rasu, tabarma ɗaya ta ishi masu zaman makoki. Abdussamad kansa ya tashi da iyalinsa a ƙarshen kaka, bai taɓa jin abin da ya faru a maƙera ba.

Kai ne, Malam, wanda ya san nauyin abin da yake zubawa. Kai ne ka ci gaba da gaishe da masu kau da kai, ka ɗaura wa Kamalu ƙotar garma ranar da ya turo ta a hannun wani don kunya. Maƙerin maharba, mai hannun da bai yi gaggawa ba.

Yau hannun nan rawa yake yi. Likita ya ce hayaƙin dalma ne ya tara masa. 'Yarsa Bushra ta zo daga Funtuwa za ta tafi da shi bayan Sallah, ta ce, "Baba, ba za ka mutu kai kaɗai a ɗakin nan ba." Ya ce to.

Mun gode, Malam Almustapha. Akwai yaran da ke kiwo a wani daji yau saboda kai, akwai samarinmu da ke barci babu jinin kowa a wuyansu. Masu sana'a, ku koyi tambayar inda aikinku zai je kafin ku miƙa shi. Mu kuma da muka kau da kai, har yanzu bai tafi ba. Maƙerar a buɗe take, kuma hanyar gona ta gabanta ta bi. Mu tsaya mu yi masa sallama.